Gidan Baba Bayan Gyara

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya karatu, ya zaman kaɗaici. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Yara na gaishe ka, babansu ma ya ce in gaishe ka.

Baba ya ji sauƙi sosai. Tarin ya lafa, zazzaɓin ya sauka, jiya har ya yi wa nas faɗa wai ta kawo masa shayi kamar ruwan wanke kofi. Ka san Baba, in ya fara faɗa to lafiya ta dawo. Likita ya ce sanyi ne ya kama masa huhu, sannan ya tambaye ni ko ɗakin da yake kwana yana da danshi. Na sunkuyar da kai na ce kaɗan. In an sallame shi gidana zan wuce da shi ya ƙarasa jinya.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki biro, bari in sauke abin da ke raina game da wannan sabon salon naka na cewa magana mai muhimmanci sai a wasiƙa. Waya na aljihunka. Ranar da aka kwantar da Baba na kira ka, ka yi mini Allah ya sauwaƙe a tsaitsaye, ka ce sauran in rubuto, wai takarda tana ɗaukar nauyin hannun mutum. To ga nauyin hannuna nan, sai ka auna. Biron ma a jakar makarantar yara na samo shi.

Na je gida ɗauko wa Baba kayan sawa, na ja gadonsa don in ciro takalmi, sai ga bango baƙi ƙirin daga ƙasa har kusan taga, ya yi gashi-gashi. Na ɗaga katifa, ƙasanta a jiƙe, warinta ya bi ni har gida. Banɗaki kuwa ba na so in ba ka labari, kyankyasai ne suka tarbe ni, ko gudu ba su yi ba. Silin ɗin falo ya yi ciki, kashin ɓera na zubowa ta gefe. Kwatar tsakar gida ta toshe, ruwan ya yi kore. Na fito na yi ta kakarin amai a gindin lemon nan. Tun rasuwar Mama babu wanda ya ja gadon nan. Goggo tana zuwa da rana ta yi masa girki ta share inda ido ke kaiwa, ita ma iyakar ƙarfinta ke nan. Shi Baba idonsa a rufe shekara da shekaru, hancinsa kuma ya saba. Mu masu idon muna zuwa mu gaishe shi a baranda mu kama gabanmu. Kunya ta ishe ni, Auta, kuma ba zan mayar da shi cikin wannan ƙazantar ba.

Mun yi shawara da baban yara za mu gyara gidan tun Baba yana wajena. Kai ne ka tafi karatun zanen gine-gine, har kana neman digiri na uku a kai, kuma ka san gidan ciki da waje. Zana mana yadda za a yi, a sauƙaƙe yadda magini zai gane: inda iska za ta shiga, inda ruwa zai fita, da yadda za a matso da banɗaki kusa da ɗakinsa. Kada ka ja lokaci, damina ta kusa.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai ɗan ciwon wuya na yawan sunkuyo a ɗakin karatu. Na yi murna da jin sauƙin Baba, ki gaishe shi da jiki, ki gaida Goggo da yara da babansu. Na jinkirta ne don ba na so in ba ki amsar da ba ta nuna a raina ba. Kuma ki duba, a wajen maganar kyankyasai bironki ya nitse cikin takarda, har na ji fushinki da yatsana ta bayan takardar. Waya ba ta iya wannan.

Kin nemi zane. Yaya, da a shekarun baya ne da na zana miki a zama ɗaya, da rula da fensir, ina jin kaina gwani. Yanzu kuwa kalmar gyara kanta tsoro take ba ni. Bari in yi miki bayanin abin da nake karantawa. Akwai wata falsafa da ake kira finominoloji. Sunan ne kawai mai nauyi. Abin da take cewa shi ne, kafin ka auna abu, tsaya ka ga yadda yake bayyana ga wanda ke rayuwa da shi. Ga mai tef ɗin awo, ɗaki tsawo ne da faɗi. Ga wanda ya tashi a cikinsa, ɗaki sanyin siminti ne a tafin ƙafa, da kukan ƙyaure, da inda rana ke sauka da hantsi. Masu wannan falsafa sun ce jiki yana sanin wuri tun kafin kai ya sani. Da tunanin nan ya shigo sana'armu sai ya tona mana asiri. Ashe mun daɗe muna gini don ido kawai, don hoto ya yi kyau, mun manta mutum yana da fata da kunne da hanci. Tayar da gini abu ne, zama a cikinsa kuma wani abu ne daban.

Gidanmu, Yaya, ni ban taɓa ganin gini mai gaskiya irinsa ba, kuma na ga gine-gine. Baba ya yi shi ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon yadda muka riƙa zuwa duniya, shi ya sa babu kusurwa ɗaya da ta miƙe. Har yau in na rufe ido ina jin lungun nan mai duhu, yadda yake matse ni sannan ya sake ni a tsakar gida. Ina jin dogon dokin ƙofar da na sha tuntuɓe da shi, da gangaren simintin da nake sakin motata ta gwangwani a kai, da ɗigar famfo, da ƙamshin bango in an yi ruwan farko. Wannan baƙin da kika gani a bango, ni a wajena tafiyar lokaci ce ta bar sawunta. In kuka kankare shi kun kankare ni.

Don haka shawarata, kada ku taɓa komai tukuna. Ki je ki zauna a lungun nan ke kaɗai, ki rufe ido, ki saurari abin da gidan ke faɗa miki, ki rubuto mini. Daga nan sai mu ga ko akwai buƙatar zane. Na karanta wa Farfesa, malamin da ke duba kundin digirina, ɗan abin da na rubuta kan lungun, ya ce in faɗaɗa shi.

Ƙaninki.

*

Auta,

Sallama. Muna lafiya. Baba na ƙara samun ƙarfi, yana cin abinci, yana damun yara da labaran zamanin da yake gyaran agogo a kasuwa. Ina fata wuyanka ya sake.

Ka ga na daɗe ban rubuto ba. Da a ranar da na karanta wasiƙarka na amsa, da takardar ta huje. Na ce maka danshi ya kusa kashe mahaifinka, ka ce mini tafiyar lokaci. Na ce kyankyasai, ka yaba rubutuna. Wai in je in zauna a lungu in rufe ido in saurara. Na saurara kuwa, ɓeraye ne ke tsere a silin, abin da gidan ya faɗa mini ke nan. Wato mu zauna da ruɓa da wari don kai in ka rufe ido a ɗakinka mai tsabta ka ji ƙamshin yarinta. Na karanta wa baban yara, ya yi dariya har da tari, ni kuwa ban ga abin dariya ba. In wannan ne digiri na uku, na gode Allah da na tsaya a na ɗaya na kama aikina a kantin magani.

Mun samu ɗan kwangila, abokin baban yara, mutum mai zafin nama wanda ba ya sauraron bango. Har an gama aiki. An kankare filasta an yi sabuwa, an shafa fenti fari fat. An sa tayil tun daga ƙofar gida har kicin, mai sheƙi, kana ganin fuskarka a ciki. Lungunka mai matse mutum an rushe shi, falo ya haɗe da tsakar gida, an yi mata rufin roba mai shigo da haske. Duk wani dokin ƙofa an fasa, ƙasa ta zama bai ɗaya don kada Baba ya yi tuntuɓe. An toshe tsohuwar ƙofar ɗakinsa an buɗe sabuwa ta ɓangaren banɗaki, banɗakin ma sabo, da masai irin na zama. Tagogin katako sun tafi, an sa na gilas masu zugewa. Famfo ya daina ɗiga. Lemon nan an sare shi, saiwarsa ce ke fasa kwata. Goggo ta leƙa ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce ita dai tsoron takawa take ji, na ce haka sabon abu yake.

Baba bai sani ba, na ce masa share-share ake yi. So nake ya shiga ya shaƙi iska mai tsabta a gidansa karon farko tun rasuwar Mama. Ya ƙagu ya koma. Kullum sai ya ce a gidana kamar a buhu yake, ko'ina sai an ja shi, alhali a gidansa ko jikokinsa masu ido ba sa riga shi zuwa famfo. Mako mai zuwa za mu kai shi. Baban yara zai turo maka hotuna a waya, in falsafarka ta yarda ka duba.

Yayarka.

*

Yaya,

Sallama. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. A gaida Baba.

Na ga hotunan, ranar na kasa cin abinci. Abin da kuka yi ba gida ba ne, banɗakin gidan mai ne aka faɗaɗa. Fari, sheƙi, fitila mai kashe ido, babu inuwa ko ta magani. Irin ginin da muke nuna wa sababbin ɗalibai ke nan don su ga yadda ake kashe wuri. Kin nemi shawarata na ba ki, kika kwashe ta kika kai wa mai tayil. Lemon da Mama ta dasa ma ba ku bari ba. Ban san inda zan sauka ba in na dawo, don ni dai yanzu ba ni da gida.

Ba zan tsawaita ba.

Ƙaninki.

*

Auta,

Sallama. Mu lafiya, yara lafiya. Baba ne dai ba lafiya ba, ko da yake likita ya duba ƙirjinsa ya ce garau yake.

Wasiƙarka ta banɗakin gidan mai ta iso. Ba ni da lokacinta yanzu, na ajiye ta, za mu haɗu. Wannan ka karanta ta da hankalinka, ba da yatsanka ba.

Mun kai Baba gida da hantsi. A mota sai raha yake, yana cewa yau zai huta da jan hannu. Da muka sauka ya zare hannunsa daga nawa ya ce in matsa. Ya tura ƙofa, ya ɗaga ƙafa sama don ya haye dokin ƙofar da babu shi, ƙafar ta sauka a wofi, ya tafi luu, baban yara ya tare shi. Ya tsaya. Ya miƙa hannun dama inda bangon lungu yake, hannun ya yi ta yawo a iska. Ya yi gyaran murya, muryar ta dawo masa daga ko'ina, don falon yanzu amsa-kuwwa yake. Sai ya tambaya a hankali, wai gidan wa muka biyo.

Na shiga yi masa bayani, ina ta zuba, fenti, tayil, sabon banɗaki. Ya saurara har na gama. Abin da ya ce kawai shi ne, “Allah ya yi albarka. Ki kai ni inda zan zauna.”

Ni a zatona Baba haddace gidan ya yi a ka, in an nuna masa sabon tsari zai haddace shi ma. Ashe ba haka ba ne. Goggo ce ta warware mini, ita ma daga baya ya faɗa mata. Gangaren simintin nan shi ke gaya wa ƙafarsa ta nufi famfo. Da ɗigar famfon yake gane alƙibla in zai yi salla. Akwai wani faci mai kaushi a bango inda aka taɓa gyara bututu, in hannunsa ya same shi ya san ƙofarsa ce a gaba. In yana baranda inuwar lemo ta bar masa wuya, ya san azahar ta yi. Yanzu ko'ina santsi, ko'ina sanyi ɗaya, wannan bangon da wancan babu bambanci.

Na dawo gidan da zama don in kula da shi. Wata safiya na shiga kicin ɗora ruwa, na fito na same shi a tsakiyar falo yana juyawa, hannuwa a miƙe, yana neman banɗaki. Bai kira kowa ba, ka san shi da rashin son a taimake shi. Bai samu ba, Auta. Wandonsa a jiƙe, fitsari na bin layin tayil ɗin da nake taƙama da shi. Ya ce in kira masa Goggo, ni in fita. Tun ranar bai sake sauka daga gado ba sai an kama shi, kuma ya rage shan ruwa don kada ya buƙaci tashi. Rediyonsa ma ya daina kunnawa.

Tayil ɗin nan yanzu in na kalle shi ƙyama nake ji, irin wadda na ji da baƙin bangon. Na kira ɗan kwangila, ya ce ai tsoho zai saba, ya tambaya ko muna so a yi wa gaban gida irinsa. Na kashe wayar.

Ina sake tambayar ka, kuma don Allah ka amsa da maganar da magini zai gane. Me za a yi wa gidan nan Baba ya iya tafiya a cikinsa? Likita ya ce in ya ci gaba da kwanciyar nan ƙafafun za su mutu, ciwon ƙirjin ma zai dawo. Tsoro nake ji.

Yayarka.

*

Yaya,

Sallama. Ina lafiya. Labarin Baba ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya ba shi lafiya, ki ce ina gaishe shi. Ki yi haƙuri da jinkiri, an yi taron ƙara wa juna sani a sashenmu, ni na gabatar.

Ba na so in ce na faɗa miki, amma na faɗa miki. Duk abin da kika lissafa, gangare, famfo, dokin ƙofa, suna cikin wasiƙata ta farko. Taki kuwa na yi ta maimaita ta. Kin san abin da kika rubuta kuwa? Ɗaya daga cikin manyan masu falsafar nan ya taɓa yin misali da sandar makaho. A ganinsa in an saba da sanda ta daina zama abin riƙewa, ta zama ƙarin jiki, har mutum ya riƙa jin ƙasa a bakin sandar, ba a tafin hannunsa ba. To Baba gidan gaba ɗaya ne sandarsa. Abin da littattafai ke ta kewaye-kewaye a kai, ga shi ya faru a falonmu. Na karanta wa mahalarta taron wajen da ya ɗaga ƙafa don dokin ƙofar da babu shi, ɗakin ya yi tsit. Farfesa ya ce wannan shi ne babin da kundina ya rasa.

Game da abin yi, a sa wa wurare bambancin da jiki zai ji. Ki shimfiɗa dogon kafet mai kaushi daga gadonsa zuwa banɗaki. Ki ɗaura igiya a jikin bango daidai ƙugu, ki manna samfefa irin ta kafintoci a gefen ƙofarsa, ki rataye agogo mai ƙara a bangon alƙibla. Labule masu kauri za su shanye amsa-kuwwar. Jiki yana koyon sabon wuri, sai dai yana son lokaci.

Amma kafin ki sa su, Yaya, ina neman alfarma. Ki ɗauke shi a bidiyo yana neman hanya a falon yadda yake yanzu, ba tare da ya sani ba, don in ya sani tafiyar za ta canza. Sannan ki tambaye shi me ya ji lokacin da ƙafarsa ta sauka a wofi, ki rubuto da kalmominsa. Safiyar nan ta banɗaki ma ina son ƙarin bayani, ta wane gefe ya fara juyawa? Ba zan sa sunansa ba. Bidiyon kina iya turowa ta waya.

Ƙaninki.

*

Auta,

Sallama. Yara lafiya, babansu lafiya, Goggo na fama da gwiwa. Baba ya rame, amma yana ɗan taɓa abinci.

A kanti na karanta wasiƙarka. Wato fitsarin mahaifinka babi ne. Ka tsaya gaban baƙi ka karanta musu yadda ya tafi zai faɗi, ɗaki ya yi tsit, kai kuma ka ji daɗin tsit ɗin. Yanzu kuma in laɓe in ɗauki makaho a hoto yana lalube. Ashe waya tana da amfani. Wallahi kyankyasan tsohon banɗakin nan ba su tayar mini da zuciya kamar takardarka ba.

Ka ce ka faɗa mini. Na ɗauko wasiƙar farkon na sake bin ta layi-layi. Gangaren na motar gwangwaninka ne, dokin ƙofar na tuntuɓenka ne, lungun kai yake matsewa. Baba ya fito a gaisuwa, ya fito a matsayin wanda ya gina maka wurin tunawa, shi ke nan. Layi ɗaya ya isa ka rubuta, ka ce Yaya, da bangon nan Baba yake gani. Da ko ƙusa ban bari an cire ba, da danshin kawai za a yi wa magani. Ba ka rubuta ba don bai zo maka a rai ba, kamar yadda ni ma bai zo mini ba. Muna ta aika wa juna takardu, mai gidan yana zaune a falona yana shan shayi, babu wanda ya tambaye shi.

Shawarwarinka na yi su, ban da bidiyon. Igiyar ya taɓa ta ya tambaya ko akuya aka sayo, na kwance. Kafet ya yarda da shi. Agogon da na rataye ya saurara ya ce yana gudu, a kai gyara, wannan ce doguwar maganar da ya yi a makon. Na nemo tsohon maginin da ya yi masa ɗakin ƙarshe ko zai iya mayar da lungun. Ya zo ya duba ya ce bango zai iya tayarwa, amma gangaren nan shi ma bai san yadda aka yi ya zama haka ba, ƙasa ce ta zauna da kanta a hankali.

Kada ka amsa wannan da takarda. In kana da abin faɗa, ka zo ka faɗa masa. Abin da zan rubuta yanzu ba na kundinka ba ne, ina rubutawa ne don ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Shekaranjiya da hantsi ina ɗakinsa ina ninke kaya. Goggo ta raka shi banɗaki, ya ce ta tafi, zai dawo da kansa. Na ji ya fito. Na ji tafiyarsa a kan kafet, a hankali, yana jan ƙafa. Na daina motsi, farin ciki ya cika ni, don tun waccan safiyar ta falo bai yi taku shi kaɗai ba. Hannunsa ya sami samfefar da na manna a gefen ƙofa, ya tsaya.

Sai ya yi sallama, Auta, a ƙofar ɗakinsa, ya tsaya yana jira a amsa.

Na ɗauka wasa yake, na duba fuskarsa, babu wasa a ciki. Hankalinsa kuma garau, da safen ranar ma ya taya jikarsa lissafin makaranta a ka. Ya san ni ce a ciki, ya san gadonsa ne a bayana. Sai na amsa, na ce, “Shigo mana, Baba.” Ya ce ya gode. Ya sunkuya ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya shigo ya ɗofana a gefen gado, hannuwansa a kan gwiwa. Da na gama ninkin, ya tambaye ni ko babu damuwa in ya ɗan kishingiɗa.

Yayarka.